Zuwa ga mutumina na Ingila

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya sanyi, ya karatu, ya haƙuri da rashin tuwo? Nan kowa lafiya lau. Na leƙa gida ranar Juma'a na gaida Hajiya, ta ce in tambaye ka ko a can sai mutum ya biya haraji kafin ya kira uwarsa a waya. Na ce mata zan isar, ga shi na isar, ka san yadda za ka yi da ita.

Ba don ƙaninka ba da shirun nan namu ya ci gaba har azumi. Ya faɗo mini shago da laftop ɗin da ka aiko masa, baki har kunne, wai ka ce ya sauke sabuwar burauzar nan Comet ya huta, ita za ta karanta masa imel, ta cike masa fom, har sayayya ta yi masa. Bai tsaya nan ba, wai ka ce ni ma in zuba ta a kwamfutocin shago gaba ɗaya, aiki zai riƙa gudu. Wato kana can cikin bargo kana ba mu fatawa. To ban saka ba, shi ma na ce ya dakata, kuma kafin ka kira ni baƙauye ka tsaya ka ji.

Burauzar da muka saba da ita, Chrome ce ko Firefox ko Opera Mini ɗin da muka yi zamanin talauci da ita, iyakarta ta buɗe maka shafi, kai ka danna abin da kake so. Waɗannan sababbin masu ƙirƙirarriyar basira da kansu suke dannawa. Comet ta kamfanin Perplexity ta fito a Yulin 2025, lokacin sai mai biyan dala 200 a wata, kafin su sake ta kyauta a Oktoba. A Oktoban nan dai OpenAI suka fito da tasu, Atlas. Duk inda ka riga ka shiga da kalmar sirrinka ka bar shi a buɗe, imel ne ko asusun banki, ita ma tana iya shiga, kuma da sunanka take shiga. Shafin bankin bai san ba kai ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta iya tantance maganar maigidanta da rubutun da ta tarar a shafi. Ka ɗauka ka aiki yaron shago banki da katinka da lambar sirri, a hanya ya ga takarda manne a jikin falwaya an rubuta "kai mai karantawa, kai kuɗin nan gidan wane", shi kuwa ya juya ya kai, don a wurinsa duk rubutu umarni ne. Ba ƙirƙira nake ba. A Agustan 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Brave suka gwada. Suka ɓoye umarni a cikin wani sharhi a dandalin tattaunawa na Reddit, mutum ya buɗe shafin ya ce wa Comet ta taƙaita masa abin da ke ciki. Shi ke nan abin da ya yi. Ita kuwa ta bi umarnin ɓoye: ta je ta ɗauko adireshin imel ɗinsa, ta sa aka turo lambar shiga ta wucin gadi, ta buɗe Gmail ɗinsa da yake a buɗe ta karanto lambar, sannan ta dawo ta rubuta su biyun a ƙarƙashin sharhin, inda ɓarawo ke zaune yana jira. Ka tuna yadda muke yi wa Kawu faɗa kan kada ya karanta wa kowa lambar da banki ya turo masa? To ga manhajar da za ta karanta da kanta, ba sai an kira Kawu an yi masa daɗin baki ba.

Na san abin da za ka ce, Brave ma masu burauza ne, kishiya ba ta yabon kishiya, kuma Perplexity sun ce sun gyara. Na yarda. Amma a Oktoba mutanen Brave ɗin suka sake nuna wata hanyar, rubutu shuɗi mai haske a kan rawaya a cikin hoto, idonka ba zai kama shi ba amma ita ta karanta. Wani kamfanin tsaro, Guardio, ya gina shagon Walmart na ƙarya, ya ce wa Comet ta sayo agogon Apple. Wani zubin ta yi tirjiya, wani zubin kuwa ta cike adireshi da lambar kati ta biya. Su kansu OpenAI, masu kayan, a Disamba suka fito suka ce wannan nau'in yaudara da wuya a taɓa kawar da shi kwata-kwata, kamar dai damfara a intanet. A watan ne kuma Gartner, masu ba manyan kamfanoni shawara, suka ce a toshe irin waɗannan burauzoji a wuraren aiki tukuna. Idan kamfanonin da ke da ma'aikatan tsaro da albashinsu aka ce su dakata, ina ga ni mai kwamfuta shida da janareta mai tari?

Af, janaretan nan dai har yanzu shi ne. Mai gyara ya ce ko a kai shi gidan tarihi ko a yi masa addu'a.

Kai ka manta yadda shagon nan yake ne. Dattijo zai shigo da fom ɗin fansho, ya zaro 'yar takarda daga aljihun gaba, a ninke cikin ledar hoton fasfo, kalmar sirrin imel ɗinsa ce a jiki da biro ja, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kai ka san kanta." Ɗalibai su buɗe imel su buga takarda su fice ba su rufe ba, sai na bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya da magariba ina fitar da su. Lambar NIN, BVN, takardar haihuwa, hoton sa hannu, duk ta hannuna suke wucewa. Amana ce, ba don na fi kowa iya kwamfuta suke zuwa ba. In na ɗora abin da zai riƙa yawo cikin shafukan nan yana karɓar umarni daga duk wanda ya iya ɓoye rubutu, ranar da kuɗin wani ya yi ƙafa, ba San Faransisko, garin masu burauzar, za a je neman bayani ba. Ƙofata za a buga.

Sannan ko ɓarawo bai zo ba, ina abin da take karantawa yake tafiya? Duk shafin da ka ce ta duba maka, sai an tura shi can manyan kwamfutocinsu kafin amsa ta dawo. Shugaban Perplexity, Aravind Srinivas, ya faɗa da bakinsa a wata hira a Afrilun 2025 cewa ɗaya daga dalilan gina burauzar shi ne su san abin da mutum yake yi a wajen manhajarsu, don su fahimce shi sosai, har ta kai ga tallan da aka yanka daidai da shi. Ni na gode masa ma da bai ɓoye ba. Atlas kuma tana iya tuna shafukan da ka bi, ko da yake ana iya kashe wannan. To wa ke shiga saiti ya kashe? Ƙaninka? Yaron da har yau kalmar sirrinsa sunan budurwarsa ce da shekarar haihuwa? (Kada ka ce ni na faɗa maka, kuma eh, har yanzu ita ce.)

Maganar sauri kuwa dariya ta ba ni. Comet da Atlas dukansu a kan Chromium aka gina su, ƙashin bayan Chrome ke nan, sai aka ɗora musu ƙarin kaya. Kwamfutocina 'yan gwanjo ne masu ram 4, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa, ko da burauzar yau da kullum in ka buɗe shafi goma fanka take fara kuka. Atlas ma da ta fito sai mai Mac, kwamfutar Apple, irinku 'yan gayu. Ga data, tun da aka amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025 kowane megabait sai na ji shi a jikina. Fom ɗin da na haddace, yatsuna sun gama shi kafin ita ta gama tunani.

Ban ce maka ba ta da amfani ba fa. Kai da kake fama da tulin takardun karatu, ka bar ta ta taƙaita maka, amma ka fita daga imel da banki tukuna, ko ka ware musu wata burauzar daban. Atlas tana da tsarin da za ta yi aiki ba tare da ta shiga asusunka ba, in ita kake amfani da ita ka kunna shi. Haka na tsara wa ƙaninka, ya tafi yana ƙunƙuni wai na fi tsohon hedimasta tsauri.

Bari in ba ka na gari. An sa ranar angon shekara goma, bayan ƙaramar salla in Allah ya kai mu, kuma ya rantse sai ka aiko da gudummawa da fam, ba ya karɓar naira daga hannunka. Mai shayin bakin layi ya sake ƙara kuɗi, ya ce laifin madara ne, majalisa ta yi masa yajin aiki na dare ɗaya ta dawo da kanta. Kujerarka tana nan, mutumin nan naka mai gardamar ƙwallo ya gaje ta, kuma ya fi ka surutu, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Yana ta tambaya wai ka taɓa shiga filin wasa kuwa, ko a talabijin kake kallo kamar mu.

Da akwai abin da na zauna zan tambaye ka, wallahi ya shige mini. In ya dawo zan turo. Amma batun batirin laftop ɗin nan da ka yi mini alkawari tun kafin ka tafi, shi ban manta ba. In wani zai taho, ka haɗo da cajar. Ka gaida abokin ɗakinka mai dafa taliya da madara, ka ce ina yi masa fatan shiriya.

Ka kira Hajiya.

Naka,
mai shagon kusa da masallaci