Godiya ga masu shagon kwamfuta na kusa da Babbar Kasuwar Maradi

Assalamu alaikum.

Maigida da yaran shago, a madadin hukumar makarantarmu nake rubuto muku wannan a bainar jama'a, domin aikin da kuka yi mana ya fi ƙarfin godiyar bakin ƙofa.

Lokacin da Microsoft ya daina kula da Windows 10, ranar 14 ga Oktoban 2025, kwamfutocin ofishinmu sun tsufa, ba za su ɗauki Windows 11 ba. Wasu suka ce sai mun sayi sababbi. Ku kuka ce a ɗora musu Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, da LibreOffice, manhajar rubuta takardu da lissafi, kuma da su muke buga jarrabawa da sakamakon yara har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman da kuka yi da mu kafin ku taɓa komai. Kun ce manhajar kyauta ce, amma kula da ita aiki ne, aiki kuwa sai da lada. LibreOffice tun 2010 yake, gidauniyar The Document Foundation ta birnin Berlin a Jamus ke riƙe da shi, kuma da yawa cikin masu amsa tambayoyin jama'a 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa da iyalinsa. Lasisinsa ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu garanti. Babu lambar da mutum zai kira ya yi faɗa. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba: wani zai rubuta musu cewa abu ba ya aiki, ba bayani, ba gaisuwa, gobe kuma ya tashi da fushi don ba a kula shi ba. To, wanda aka haƙa wa rijiya kyauta ai shi ke neman guga. Kamfanonin Linux irin su Canonical da Red Hat da sayar da wannan kulawar suke cin abinci, har IBM ya sayi Red Hat a 2019 kan dalar Amurka biliyan 34. Saboda haka da kuka yanka mana kuɗin wata, ba mu ga tsadarsa ba.

Kuma kun cika alkawari. Takardun Word da ake turo mana sukan buɗe a hargitse, layuka sun zame. Yaronku ya gano cewa salon rubutun Calibri ne babu a na'urarmu, ya sa Carlito mai faɗin haruffa iri ɗaya, komai ya koma wurinsa. Ya kuma gyara mana madannan kwamfuta, yanzu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna fita ba wahala.

Wata matsalar da ta fi ƙarfinsa, bai yi mana kwana-kwana ba. Ya rubuta wa masu manhajar rahoto cikin ladabi, ya faɗi lambar sigar da muke amfani da ita da matakan da ke jawo matsalar, ya haɗa da samfurin takarda bayan ya goge sunayen ɗalibai. Ya ce mana amsa za ta iya zuwa da wuri, za ta iya daɗewa, sannan ya nuna mana hanyar da za mu bi kafin nan.

Muna da roƙo guda, Maigida: in hutu ya zo, a karɓar mana 'yan ajin ƙarshe su koyi wannan aiki a wurinku. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Wassalam,
Sakataren wata makaranta mai zaman kanta, Maradi