Godiya ta musamman ga ofishin kula da baƙin majinyata da ya tsaya wa Baba lokacin jinyar kansar furostet

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa taku ce, ma'aikatan ofishin kula da majinyata 'yan ƙasashen waje na asibitin da aka yi wa mahaifina gashi, wato ƙona kansar da haske mai ƙarfi na na'ura, a Indiya. Na yi maku godiya baki da baki ranar da za mu taho amma raina bai kwanta ba, sai na ga ya kamata in rubuta a fili kowa ya gani, musamman masu ɗauke da rizal ɗin iyayensu a jaka suna neman wanda zai gaya masu gaskiya.

Ranar da likita ya ce mana Baba na da kansar furostet wallahi ni ban ma san ina abin yake a jiki ba, ina jin mutane na cewa kansar mafitsara sai na ɗauka mafitsarar ce kanta ta kamu, ashe wani ƙullutun nama ne da ke ƙasan mafitsarar maza wanda hanyar fitsari ke ratsawa ta tsakiyarsa. Gwajin jini na PSA, wanda ke auna wani sinadari da furostet ke fitarwa, ya nuna 14, aka tsakuri nama aka duba, takarda ta fito da wata lamba 4+3=7 wadda babu wanda ya fahimce ta a gidanmu. Hankalinmu ya tashi, abin da kawai muke cewa shi ne a fita da shi waje, a fita da shi waje, ba mu ma tsaya tambayar me za a je a yi masa a can ɗin ba. Wani dillali da aka haɗa mu da shi ko takardun bai buɗe ba ya ce tiyatar robot ce kawai mafita, mu haɗa kuɗi mu sayi tikiti cikin sati biyu in ba haka ba abin zai bazu. Saura kaɗan mu bi.

Ku kuma da na tura maku saƙo, amsar farko da kuka ba ni ita ce kada mu sayi tikiti tukuna. Har yau ina da saƙon a wayata. Kuka ce mu turo rahoton naman da aka duba, da ainihin hoton MRI ɗin a faifai ba rubutun bayaninsa kaɗai ba, da jerin magungunan sugan Baba da na zuciyarsa, in za mu iya kuma mu karɓo gilasan naman daga lab don likitanku ya sake dubawa da idonsa. Bayan kwana huɗu kuka haɗa mu da likitoci biyu ta bidiyo, likitan tiyata da likitan gashi, a zama ɗaya, kowa ya faɗi nasa a gaban ɗan'uwansa. Wannan zaman shi ne abin da na fi gode maku a kai.

A nan ne aka yi mana bayanin lambar nan. Sunanta ma'aunin Gleason, 6 shi ne mai sauƙi, 8 zuwa 10 masu zafi, 7 kuma a tsakiya take, amma 4+3 ta fi 3+4 tsanani duk da jimlarsu ɗaya, saboda lambar farko ita ke nuna irin ƙwayoyin da suka fi yawa a naman. Likitan ya ce da a ce 6 Baba ya samu da PSA ƙasa da 10, da zai iya cewa mu zauna gida a riƙa sa ido da gwajin jini da MRI lokaci zuwa lokaci ba tare da an taɓa shi ba, don akwai mazan da ke rayuwa shekaru da irin wannan ba ta yi masu komai ba. Ya kawo mana maganar binciken ProtecT da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa na shekara 15 ya fito a 2023, inda kusan 97 cikin 100 na mazan da kansar ba ta fita daga furostet ba ba su mutu da ita ba, ko tiyata aka yi masu ko gashi ko sa ido. Ina kallon Baba lokacin da tafinta ta juya masa wannan maganar, sai na ga ya sauke kafaɗa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Rabon da in gan shi a sake haka tun ranar da rizal ya fito.

Sai aka shimfiɗa masa hanyoyi biyu da suka dace da shi. Ta farko a cire furostet ɗin gaba ɗaya, kuma likitan tiyatar da kansa ya ce robot ɗin da ake ta zuzutawa na'ura ce da likita ke sarrafawa da hannunsa, tana rage zubar jini da girman yanka amma ba ta hana abin da kan biyo baya, wato yoyon fitsari na wani lokaci da raunin kusantar iyali, ga robar fitsari da za a zauna da ita sati ɗaya zuwa biyu. Ta biyu gashi daga waje haɗe da allurar da ke danne sinadarin maza na testosteron, tunda da shi wannan kansar ke girma, abin da wani likita Charles Huggins ya gano tun 1941 har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Shi ma gashin ba a ɓoye mana illarsa ba, yawan fitsari da zafinsa, laushin ciki, gajiya, allurar kuma takan kawo zafin jiki da gumi kwatsam da mutuwar sha'awa. Da aka zo maganar iyali sai ma'aikaciyarku ta ce in ɗan ba su wuri su yi magana da Baba shi kaɗai, ta kuma sa aka kawo tafinta namiji. Ban roƙa ba, ita ta lura da kanta. Allah Ya saka mata da alheri, don na san Baba ba zai taɓa yin waɗannan tambayoyin a gabana ba.

Saboda shekarunsa 68 da yanayin zuciyarsa Baba ya zaɓi gashi. Nan ma kuka sake ba mu mamaki, kuka ce allurar ba sai mun zo wurinku ba, goserelin ce ana samunta a ƙasashe da yawa, a fara yi masa a gida wajen likitansa na farko, sai bayan wata biyu mu taho. Kuka rubuta wa likitan namu takarda da cikakken tsari. Da son kuɗi ne a gabanku ai da kun ce mu zo mu zauna duk watannin nan a wurinku.

Takardar gayyata ta bizar jinya da tawa ta mai rakiya duk kun turo a kan lokaci, direba ya tare mu a filin jirgi, masauki kusa da asibiti. Waɗannan kowa na iya yi, ba zan tsaya a kansu ba.

Kafin a fara gashi aka yi masa sikanin PSMA PET don a tabbatar ba ta taɓa ƙashi ko wani wuri ba, Alhamdulillahi ta tsaya inda take. Zama 20 ya yi cikin sati 4, Litinin zuwa Juma'a, a da irin wannan gashin yakan kai zama 37 zuwa 39. Kullum sai ya sha ruwa ya riƙe fitsari kafin ya shiga, don cikar mafitsara na ture hanji daga inda hasken zai bi, kuma ga dattijon da dama fitsari ke matsa masa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A sati na biyu wata rana layi ya yi tsawo, Baba ya kasa riƙewa, ya dawo ya zauna kansa a ƙasa bai ce komai ba. Wani matashi daga ofishinku ya zo ya durƙusa a gefensa, ya kawo masa kofin ruwa, ya duba agogo ya ce mu sake lissafi daga yanzu, sannan ya je ya yi magana aka mayar da lokacin Baba zuwa sassafe har ƙarshen jinyar. Ni dai hawaye na yi, na juya baya don kada Baba ya gani.

A ɗakin jira na haɗu da iyalai da ciwon nasu ya riga ya shiga ƙashi, wasu na kan kemo na docetaxel, wasu na shan abiraterone ko enzalutamide, wani kuma an kawo shi don maganin Lutetium-177 da ake sawa ta jijiya. Na ga yadda kuke zama da su kuna gaya masu cewa maganin zai danne ciwon ya ƙara masu lokaci da sauƙi, ba ku yi masu alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Kuma ku ne kuka ce min ni ma in fara maganar gwajin PSA da likita da na kai 45, saboda ɗan wanda ya yi ciwon haɗarinsa ya fi na sauran, kuma baƙar fata sun fi kamuwa, a Birtaniya ana lissafin 1 cikin 4 a kansu, alhali a maza gaba ɗaya 1 cikin 8 ne. Na gaya wa yayyena biyu, ɗaya har ya je ya yi.

Da za mu dawo kun ba mu fayil ɗauke da komai, yawan hasken da aka ba shi, ranar allura ta ƙarshe, da ranakun gwajin jini, har kuka ja layi a ƙarƙashin inda aka rubuta cewa bayan gashi PSA a hankali yake sauka ba ya faɗuwa sifili kamar bayan tiyata, don kada mu firgita. Wata uku da dawowarmu kuka kira da kanku kuna tambayar sakamako tun kafin in tura.

Baba ya ce in gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ya ce musamman yaron nan mai agogo da baiwar Allahn da ta canza masa tafinta. Yanzu yana fita tafiyar ƙafa da safe, gumin dare ma ya fara raguwa. Allah Ya saka maku da alheri, Ya ba marasa lafiyar da ke hannunku sauƙi. Gwajinsa na gaba wata mai zuwa ne, da ya fito zan turo maku in sha Allahu.

Naku,
Ɗan majinyacinku