Rahoton Ayyukan Shekara: Awon Cunkoso a Gidajen Birnin Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Babban aikin ƙungiya a bana shi ne bi gida gida a Kurna, Rijiyar Lemo, Fagge da Dorayi don auna cunkoso, da izinin masu unguwanni. Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Najeriya ba, shi ya sa ba mu dogara da tsofaffin alƙaluma ba.

Mun ɗauki ma'aunin hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya: idan masu kwana a ɗaki ɗaya sun wuce uku, akwai cunkoso. Iyali a wurinmu su ne masu cin tukunya ɗaya, domin gidan gado ko gidan haya kan tara tukwane da yawa a bayan ƙofa guda. Ana lissafa ɗakin kwana da falo. Kicin, banɗaki da zaure ba sa ciki, ko da ana shimfiɗa tabarma a zauren da dare.

Ga yadda ake fitar da gibi, wato adadin ƙarin ɗakunan da iyali ke bukata. A raba yawan mutane gida uku, in da ragowa a ƙara ɗaki, sannan a cire ɗakunan da ke akwai. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya takwas a ɗaki uku, mutum 11 ke nan, bukatarsu ɗaki 4, gibi ɗaya. Amma wannan bai wadatar a Kano ba. Kowace mace da ɗakinta, kuma hadisi ya yi umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Idan aka ware samari da 'yan mata, gibin gidan nan yakan koma biyu. Kuma iyali iyali ake lissafin kafin a tara, don ɗakin da ya yi rara a gidan maƙwabci ba ya rage wa kowa matsi.

Inda aka fi samun kuskure: ƙidayar rana tana tsallake samarin da ke kwana a shago, sai muka koma tambayar wa ya kwana a nan daren jiya. Wasu na rage adadi don tsoron haraji, wasu na ƙarawa da zaton tallafi. Maza ba sa wuce zaure, dole mata su shiga da tef ɗin awo. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 kusan murabba'in mita 13 ne, amma gado da kabad da jeren kwanuka sukan cinye fili mai yawa. Mun kuma rubuta ɗakunan da ba su da taga, saboda sanƙarau a lokacin zafi da mashaƙo irin wanda ya addabi Ungogo a 2023.

A shekara mai zuwa za a raba gibin kashi biyu: gidajen da ke da filin ƙara ɗaki ko ginin da zai ɗauki bene, da waɗanda sai an nema musu sabon fuloti. Muna neman ƙarin mata masu sa kai, da magina da za su duba ƙarfin harsashin tsofaffin gidajen ƙasa kafin damina.