Wasiƙa daga Maraɗi a kan kashi na biyu na littafin mashayin jini

Ƙawata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, ina sanar da ke cewa na kammala kashi na biyu na littafin soyayyar nan da muka yi karɓa-karɓarsa kafin ki koma Agadas, wato labarin budurwar da ta kamu da son mashayin jini, irin dodon nan na almarar Turawa mai siffar mutum da ke rayuwa da shan jini. Fassarar Faransanci na samu wajen wani mai tsofaffin littattafai a babbar kasuwa, na kwana uku a kansa, na ƙarasa shafukan ƙarshe da fitilar waya a tsakar gida saboda zafi ya hana zaman ɗaki.

Gaskiya raina bai kwanta da shi ba. Abin da ya riƙe ni a kashi na farko shi ne saurayin yana son yarinyar da zuciya ɗaya, amma ƙishirwar jininta ba ta barinsa ko na dare guda, har nakan ajiye littafin in tuna hirar maita da kakata take yi mana, ta mayen da ke ɗauke da ƙanƙara a cikinsa, wanda idan ya kama kurwar yaro sai an tilasta masa ya tsallake shi kafin ya tashi. A kashi na biyu marubuciyar ta zare wannan tsoro gaba ɗaya. Jinin dabba ya ishe shi, rana ba ta ƙona shi, sai dukiya da kyawun fuska, kamar kowane attajirin saurayi na littattafan soyayyar Kano. Ai tun da marubuci Bram Stoker ya fitar da littafinsa Dracula a 1897, da dodonsa mashayin jini na yankin Taransilbaniya da ke ƙasar Romaniya a yau, ƙarfin irin wannan labari yana ga haɗarin kusantar halittar ne.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yarinyar da kanta take roƙon a cije ta don ta zama irinsa, ta rayu har abada, kuma ba a ba mahaifiyarta ko shafi biyu ba. Yaya mutum zai zaɓi ya binne iyayensa da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan da ƙuruciyarsa, a ce ko ɗar bai ji ba?

Babi ɗaya ne ya sa ni hawaye, inda saurayin ya kai ta kabarin matarsa ta farko, ya ce muryarta ta ɓace masa, ya manta yadda take kiran sunansa. Da a kan wannan aka gina littafin, da na yaba.

Zan ba da shi a tasha ranar Juma'a a kawo miki. Na naɗe kusurwar shafin kabarin, ki rubuto mini yadda kika ji shi. Inna tana gaishe ki, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Maraɗi