Na Tsaya a Shafi na 140, Kuma da Bakina Na Faɗa

Malam, assalamu alaikum.

Tambayarka ta iso ni, ko da yake ba ni ka aiko wa ba. A bainar jama'a ka baza ta, kuma mutum uku suka turo mini ita a rana ɗaya, kowannensu da "ka ga abin da Malam ya ce?" Na bar ta ta kwana biyu don kada in amsa da zafi. Ga shi zafin bai gama fita ba, sai ka yi haƙuri da abin da ya saura.

Don wanda bai gani ba, ga abin da ka tambaya: da wace fuska mutum zai yi sharhin littafi mai shafi 412, har ya ɗora masa taurari biyu cikin biyar, alhali a shafi na 140 ya ajiye shi? Ka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka ce lalaci ne ya ari rigar nazari. Sannan ka rufe da cewa abin da na yi ha'inci ne ga marubucin da masu karatu baki ɗaya.

Maganar lalaci ba zan ɓata mana lokaci a kanta ba. Shekara goma sha tara ke nan ina sharhin littattafai, waɗanda suke bin rubutuna sun san irin tubalan da na haɗiye har bangon baya, ciki har da biyu naka. Karin maganar kuwa ta zauna daidai, har na yi dariya. Sai dai ban taɓa cewa na shiga birni ba.

Kalmar ha'inci ce ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kai malami ne, ka fi ni sanin ma'anarta. Ha'inci shi ne ka ɓoye wa mutum abin da ya kamata ya sani, ka bar shi ya ɗauki abu a kan yadda ba haka yake ba. To bari in tambaye ka, tunda tambaya a fili ta zama yayi: daga ina ka san a shafi na 140 na tsaya? Wahayi aka yi maka? Jimlar farko ta sharhina ce ta gaya maka. Cewa na yi na karanta shafi 140 cikin 412, na kasa ci gaba, ga dalilaina. Da na ga dama da na yi abin da da yawa cikinmu suke yi, wanda ni da kai duk mun sani: in tsallaka zuwa babin ƙarshe, in tsinto jimla biyu, in leƙa tsakiya in ɗauko sunan wani mutum, in rubuta sharhi kamar wanda ya kwana da littafin. Da babu wanda ya gane. Da yanzu ina nan cikin mutanen kirki a wurinka, wataƙila ma ka yaba mini da zurfin nazari. Laifina a wurinka shi ne na faɗa. Wane irin maha'inci ne yake buɗe baki da tona wa kansa asiri?

Ni ban ɗauki mai sharhi a matsayin alƙali ba, shaida ne. Alƙali ne ake wajabta wa jin kowane ɓangare kafin ya yanke. Shaida kuwa abin da idonsa ya gani zai faɗa, ya faɗi inda yake tsaye lokacin da ya gani, ya kame bakinsa daga abin da bai halarta ba. Koma ka sake duba abin da na rubuta, in ka samu lokaci. Ban ce uffan a kan yadda labarin ya ƙare ba. Ban ce jigon ya warware ko bai warware ba. Abin da na faɗa uku ne: mutanen littafin duk da murya ɗaya suke magana, tsoho da yarinya da ɗan sanda, in ka rufe sunan ba za ka san wa ke zance ba, mafarki ɗaya aka maimaita sau huɗu kusan kalma da kalma, kuma babi uku cur aka kashe ana jero zuriyar tauraron labarin kafin shi kansa ya motsa daga inda yake zaune. Waɗannan suna cikin shafukan da na karanta, kowa na iya buɗewa ya ƙirga. In akwai ɗaya da na ƙirƙira, nuna mini, in janye shi yau.

Na san amsarka, domin ita ce amsar kowa: ai a gaba ne littafin ya yi daɗi. Yana iya yiwuwa. Akwai littattafan da ƙarshensu yake komawa ya haskaka farkonsu, mutum ya gane abin da ya ɗauka shirme ashe tarko aka ɗana masa, kuma saboda haka ne ban taɓa zubin labarin ba. Amma ƙarshe mai kyau ba ya komawa baya ya gyara jimlar da aka rubuta a karkace. Marubucin da ya kasa bambanta muryar mutum biyu a kashi ɗaya cikin uku na littafinsa, da wuya a ce kunnensa ya buɗe a shafi na 141. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ni kuwa har Alhamis na kai.

Kuma kada ka sa mutane su ɗauka ajiye littafi wata bidi'a ce ta 'yan zamanin waya. A 1773 wani ya tambayi Samuel Johnson, mutumin da ya rubuta shahararren ƙamusun Turanci na 1755, ko ya karanta wani sabon littafi. Ya ce ya dai leƙa shi. Mai tambayar ya nuna mamaki, wato bai karance shi duka ba? Johnson ya mayar masa da tambaya: kai karance littattafai kake yi har ƙarshe? Akwai kuma wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl, da ta yi suna da wata ƙa'ida: ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye, in ka haura shekara hamsin, ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne haƙƙin littafin a kanka, don sauran lokacinka ya fi tsada. Shekaruna 54. A lissafinta shafi 46 ake bi na. Na biya ninki uku, sai ga shi ni ne malalaci.

A 2014 wani masanin lissafi, Jordan Ellenberg, ya yi wata dabara. Ya duba wurare biyar da masu karatu a Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, suka fi ja wa layi a cikin littafi, ya ga ko suna warwatse har ƙarshe ko sun taru a farko. Shi da kansa ya ce abin na raha ne, ba bincike ba ne na ilimi. Duk da haka, littafin masanin tattalin arziki Thomas Piketty a kan jari, mai shafi kusan 700, wanda a shekarar kowa yake da ra'ayi a kansa, lissafin ya nuna kashi 2.4 cikin ɗari kawai ake kaiwa a cikinsa, kusan duk layukan da aka fi ja a shafukan farko suke. Wato duniya cike take da masu zancen littattafan da suka tsaya a gabatarwarsu. Bambancina da su lamba ce kawai, ni na rubuta tawa.

Inda mai karatu ya tsaya ma labari ne mai daraja. Tun 2015 Amazon yake biyan marubutan da suka sa littattafansu a tsarinsa na aro, Kindle Unlimited, gwargwadon shafukan da aka karanta. Masu sayar da littafi ƙirga wannan suke yi, saboda sun san amfaninsa. Marubuci mai son ci gaba zai so ya san a wane shafi ne hannun makaranci ya saki. Ni na gaya wa wannan marubucin kyauta, da dalili.

Yanzu in ba ka naka, don kada a ce na zo da gardama zalla. A kan taurarin kana da gaskiya, kuma na cire su jiya. Ga dalili. A wuri irin Goodreads, shafin intanet na sharhin littattafai, wanda aka buɗe a 2007 Amazon ya saye shi a 2013, tauraron kowa zuba shi ake yi wuri ɗaya a fitar da matsakaici, lamba guda da take zaune kusa da sunan littafi. Jimlata ta "na tsaya a shafi na 140" ba ta shiga wannan lissafin. Taurarina biyu suna shiga daidai da na wanda ya karance littafin, kuma mai wucewa da ya ga lambar ba zai san nawa rabin shaida ba ne. Tauraro hukunci ne a kan littafi dukansa, ni kuwa ban ga dukansa ba. Wannan kuskure ne, na karɓa, na gode. Da a nan ka tsaya da wasiƙar nan layi biyu ce.

Amma ba ka tsaya ba, sai da ka haɗa ni da masu taron dangi a kan littafi. Na san su, kuma na fi ka ƙin su. A watan Yunin 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta dakatar da fitar da wani littafinta da labarinsa ya gudana a Saberiya ta ƙasar Rasha, bayan ɗaruruwan mutane sun zuba masa tauraro ɗaiɗai saboda fushin yaƙin Rasha da Yukiren, alhali littafin bai ma fito ba. Waɗannan ba su karanta ko shafi ɗaya ba. In a wurinka su da ni ɗaya ne, to ma'auninka yana buƙatar gyara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tambayar nan taka ido ɗaya gare ta. Littafin nan kafin ya kwana uku da fita ya tara taurari biyar-biyar daga mutanen da sharhinsu bai wuce "Allah ya ƙara basira" ba. Shafi 412 a kwana uku, ga aiki ga iyali, tabarkalla. Ba ka tambayi ko ɗayansu da wace fuska ba. Wanda bai karanta ba ya yaba, masoyin adabi ne. Wanda ya karanta 140 ya ce ga gyara, maha'inci. Ka kuma yi tunanin inda dokarka za ta kai mu in aka bi ta: in sai wanda ya gama littafi ne kaɗai zai yi magana, ai waɗanda littafin ya yi wa daɗi ne za su rage a fili, domin su ne suke kaiwa ƙarshe. Duk wanda littafin ya kora an rufe masa baki. Mugun littafi ya samu garkuwa ke nan: iya yadda ya gundiri mutane, iya yadda masu sukarsa za su ragu. Mai neman abin karantawa da ɗan kuɗinsa da ɗan lokacinsa kuma wa zai gaya masa gaskiya?

Wannan ce cutar da take cinmu, ba ni ba. Mun mayar da sharhi biki, ka yi mini in yi maka. Ka rubuta mini yabo a bangon baya, in rubuta maka gabatarwa, mu haɗu a taro mu kira juna gwani. Matashi ya fito da littafin da yake buƙatar edita ya zauna a kansa wata shida, sai manya su kewaye shi da kirari, ya koma gida ya rubuta na biyu da irin kurakuran na farko, don ba wanda ya ƙaunace shi har ya ɓata masa rai. Na san wahalar rubuta shafi 412, ban raina ta ba, kuma a sharhin na ce yaron yana da ido, bayaninsa na ruwan sama a babi na biyu ya tsaya mini a rai. Wannan layin dai ba ka kawo shi cikin tambayarka ba. Shi kansa marubucin bai ce komai ba har yau, kuma shirunsa ya ƙara masa girma a idona.

Akwai wani abin kuma da ba ka kawo ba. Yabon da yake bangon bayan littafin, wanda ya kira shi gagarumin aikin da za a daɗe ba a ga irinsa ba, sunanka ne a ƙarƙashinsa. A shafin godiya ma kai ne na biyu, bayan iyaye. Wannan shafin yana cikin 140 ɗin da na karanta, har sau biyu ma na karanta shi bayan na ga tambayarka. Ba laifi ba ne mutum ya kare ɗalibinsa, ni ma zan yi. Amma ka fito gaban jama'a kamar mai wucewa da kishin adalci ya kama, ba ka ce musu kana da kaza a aljihu ba. Ni na faɗi inda nake tsaye. Kalmar da ka jefe ni da ita ba zan mayar maka ba, girmanka ya wuce haka a wurina, na dai ajiye maka ita a nan kusa.

Sharhin yana nan, ba zan goge ba. Littafin ma yana nan kan teburina, da 'yar takarda a shafi na 140. Tunda kai ka shiga birnin, gaya mini shafin da labarin ya miƙe, da abin da ya faru a wurin, da wanda ya yi shi. Daga karatunka nake so, Malam, kada ka kira yaron a waya. In ka kawo, zan ɗora daga inda na tsaya har bangon baya, in rubuta abin da na gani, ko da zai ƙaryata ni.

Ka huta lafiya.