A daina ɓoye wa ɗaliban da ke waje labarin gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da iyaye da 'yan'uwan da ke da ɗa ko 'ya a wata ƙasa wajen karatu. Ni ɗaliba ce, shekarata ta uku ke nan a Malesiya, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru.

Tsakanina da gida akwai awa bakwai. Lokacin da Umma ke gama hidimarta ta zauna, wajen ƙarfe tara na dare, ni nan ƙarfe huɗu ne na asuba. Watannin farko haka muka yi ta saɓani, ta kira ina barci, in kira ba ta kusa da waya. Daga baya muka tsayar da Asabar, ƙarfe huɗu na yamma a wurina, tara na safe a wurinsu. Sauran kwanaki kuwa saƙon murya ne. Kakata, Hajiya, ba ta karatun boko, amma da ƙanena ya nuna mata inda ake dannawa, kusan kullum sai na tashi na tarar da muryarta tana sa mini albarka, tana tambayar ko ina cin abinci. Waɗanda suka yi karatu a waje kafin mu makonni suke yi suna jiran wasiƙa. Mu kuwa tun 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya, a 2016 ya ƙara da kiran bidiyo. Hanyar magana dai ba ta yi mana ƙaranci ba.

A shekarata ta biyu, ana gab da jarrabawa, sai muryar Hajiya ta ɗauke. Na tambaya aka ce wayarta ce ta lalace. Asabar ta zo, aka ce tana barci. Ta gaba aka ce ta je unguwa. Kowa na gidan bakinsa ɗaya: lafiya lau, ke dai ki mai da hankali ga karatu. Wata rana da daddare na fito daga laburare, ina duba waya a tashar bas, sai ga hoton Hajiya a shafin wani ɗan'uwanmu, an rubuta addu'a a ƙasa. Kwana biyu ke nan da binne ta. Ashe ta yi kusan mako uku a asibiti, kuma a farkon kwanciyarta tana magana sarai.

Na san don ƙauna aka yi. Umma ta ce tsoro suka ji kada in faɗi jarrabawa, ga ni ni kaɗai, babu mai rarrashina. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma ina so iyaye su san abin da aka ɗauke mini. Da an faɗa mini, da na ji muryarta ko sau ɗaya ne, na nemi gafararta, na yi mata addu'a tana ji. Jarrabawa kuwa jami'o'i da yawa suna da tsarin ɗage ta ga ɗalibin da aka yi wa rasuwa. Kuma ɓoyon bai ma yiwu ba, domin a zamanin nan in mutanen gida goma sun kama bakinsu, na sha ɗaya zai ɗora a Facebook. Abin da ya fi damuna ya zo daga baya: na yi watanni duk wanda ya ce mini "lafiya lau" sai gabana ya faɗi. In Baba bai ɗauki waya ba, sai in kira Yaya, in kira maƙwabta, in kasa karatun da aka ce ana karewa.

Mu ma ɗalibai muna yin irin wannan. Na taɓa yin kwana biyar ina zazzaɓi, na ƙi kunna bidiyo don kada Umma ta ga fuskata. Akwai wanda kuɗinsa ya ƙare, akwai wanda ya faɗi darasi, akwai wanda kaɗaici ya kwantar, duk suna turo hoto suna murmushi. Ƙawaye ma haka: zauren hira ya cika da gaisuwa, amma wadda ta ware lokaci ta kira ni ni kaɗai, ita ce ta san halin da nake ciki.

Ina kuma roƙon iyaye su san yadda ƙasar da ɗansu yake take. Ingila tana sauya agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, don haka lokacin kira yakan gusa da awa ɗaya. A Sin an toshe WhatsApp tun 2017, WeChat ake amfani da shi. Kada kuma a dogara da lamba ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a Yukren a Fabrairun 2022, da Sudan a Afrilun 2023, ɗalibai sun maƙale, wayoyi sun mutu, iyaye suna ta kiran lambar da ba ta shiga. A karɓi lambar abokin zamansa, da ta ofishin ɗaliban waje na makarantarsa, da ta ofishin jakadanci, a rubuta a takarda.

Bayan rasuwar Hajiya na roƙi Umma alkawari, ni ma na yi mata: ko mene ne, a faɗa, in ya so a zaɓi lokacin da ba ni kaɗai ba ce a ɗaki. A watan jiya ta kira ranar Talata, ba ta jira Asabar ba. Ta ce hawan jinin Baba ya tashi, an kwantar da shi. Na yi kuka, ƙawata tana riƙe da hannuna, sannan aka miƙa masa wayar muka yi magana. An sallame shi bayan kwana uku, kuma ni ce ta farko da ya kira da ya isa gida.

Wassalam.

Wata ɗaliba,
daga Malesiya