Wasiƙa zuwa ga aminina a Agadas, kan sawun da ke bisa falalen dutse

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma zafin bana ya zo muku da sauƙi. Hotunan ramukan nan masu yatsu uku da ka gani a falalen dutsen bakin kori sun iso, na kuma dube su da kyau; mai yiwuwa sawun dinosaur ne, wato dabbobin zamanin da da suka ƙare tuntuni. Kafin komai, don girman Allah ka hana samarin nan sa masa guduma. Ƙashi gawa yake nunawa, kuma ruwa na iya kwaso shi daga nesa. Sawu kuwa a nan dabbar ta taka da ranta, don haka in aka ɓamɓare shi aka kai gida, an raba shi da shaidarsa.

Da farko ka tabbatar sawu ne, domin ruwa da tsakuwa ma suna huda dutse. Na gaskiya yana zuwa a jere, dama da hagu, da tazara kusan iri ɗaya, kuma sau da yawa za ka ga gefensa ya ɗan tasa, wato lakar da ƙafa ta matse ta bulbulo. Kada ka je da rana tsaka, haske daga sama yana shafe komai. Je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da inuwa ke kwanciya cikin ramin. Ka share da buroshi mai laushi. Kada ka zagaye shi da alli ko fenti, kada kuma ka zuba siminti ko filasta don ɗaukar siffarsa, domin yana kama dutsen, wajen cirewa ya taho da gefen yatsun.

Sai awo. Ka auna tsawon sawu daga diddige zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, sannan faɗinsa. Ka auna daga sawun dama zuwa na dama da ke gaba, wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya. Wannan shi ne cikakken taku. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su auna daga dama zuwa hagu, lissafi ya fito rabi. Ƙa'idar da masanin dabbobi McNeill Alexander na Birtaniya ya fitar a 1976 ita ce tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa kwatangwalo ya kai kimanin ninki 4 na tsawon sawu. In sawun santimita 30 ne, kwatangwalo yana wajen santimita 120. Raba taku da wannan adadi: ƙasa da 2 tafiya ce, sama da 2.9 gudu ne. Taku na santimita 180 zai ba ka 1.5, dabbar tana tafiyarta a natse ke nan.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka kiyaye. Nauyin dabba yana ratsa shimfiɗun laka da ke ƙarƙashi, kamar yadda rubutun biro ke fitowa a takardar da ke ƙasa. In zaizaya ta cinye shimfiɗar sama, abin da ya rage ya fi ainihin ƙafar faɗi, yatsunsa kuma sun dushe. In ba ka ga kaifin akaifa ko tsagin gaɓoɓi ba, ka rubuta haka kusa da awon, don kada a kumbura dabbar ta fi girmanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dutsen da ke kewaye. Sawu ba ya tsayawa a busasshen rairayi, ba ya kuma tsayawa a taɓo mai ruwa-ruwa. Sai laka mai danshi daidai, ta ɗan sha iska, sannan wata ƙasa daban ta rufe ta da wuri. Don haka ka duba ko akwai tsagewar busasshen taɓo, ko ƙananan tuddai a jere irin na gindin ruwa marar zurfi, ko ɗigon ruwan sama, ko ramukan tsutsa. Su ne ke nuna cewa wurin da yau babu ko ciyawa, a da bakin tafki ne ko fadama.

Kuma ba abin mamaki ba ne a yankinku. A 2011 masu bincike daga Jamus da Nijar sun wallafa bayanin sawun dinosaur kusan 120 a layi 5 da aka samu a ƙaramar hukumar Aderbissinat, masu yatsu biyu, a duwatsun da suka haura shekara miliyan 150. Sun sa musu suna Paravipus. Sunan na sawun ne kawai, saboda da wuya a iya rantsuwa cewa ga ainihin dabbar da ta taka.

Kan shawararka ta rufe wurin da ƙasa, ka yi hattara. A Laetoli ta Tanzaniya, ayarin Mary Leakey ya tono sawun wasu halittu masu kama da mutum da ke tafiya da ƙafa biyu a 1978, cikin tokar dutse mai aman wuta ta shekara miliyan 3.6, layin ya kai mita 27. Sun binne shi da rairayi da duwatsu, ashe akwai irin itatuwan ƙaya a cikin rairayin. Suka tsiro, saiwoyi suka huda wasu sawun, sai da aka sake tonewa a 1995 da 1996 aka shimfiɗa abin tare saiwa.

Kai dai ka ɗauki hoto da rula a gefe da alamar arewa, daga sama tsaye, sannan ka zagaya kowane sawu kana ɗauka, kowane hoto ya haɗa da kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi; da su kwamfuta ke gina siffarsa. Ka adana lambar GPS ta wurin a wayarka amma kada ka sa a Facebook. Ka sanar da mai gari, sannan sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Ka turo mini awon sawu biyar a jere, mu yi lissafin tare.

A gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini